Gyaran Filin Farfesa

Mijina farfesa ne na ilimin tsirrai. In aka tambaye ni abin da ya yi da shekarunsa na aiki a jami'a, nakan ce ya kewaye wani fili da waya ya hana kowa taɓa shi. Mutane sai su yi dariya, su ɗauka tsokanarsa nake yi. Tsokanar ce, amma babu ƙarya a cikinta.

Filin yana bayan ginin sashensu. In ka wuce wurin ajiye motoci, ka wuce tankin ruwa, za ka gan shi a gangare kafin rafi. Lokacin da aka ɗauke shi aiki muna sabon aure, wurin tsohuwar gona ce da ta gaji aka watsar, jar ƙasa fayau, ko akuya ba ta tsayawa. Ya roƙi hukumar jami'a ta ba shi, suka ba shi da rawar jiki, don ba mai so. Tambayarsa ɗaya ce: in aka ƙyale ƙasar da mutane suka cinye, ba noma, ba kiwo, ba wuta, ba gatari, me za ta zama da kanta? Wane tsiro zai fara zuwa, wa zai biyo shi, wa zai danne wa? Na ce, "To Malam, yaushe za ka ji amsar?" Ya ce, "Ai ba ni kaɗai zan ji ba. Na bayana za su ƙarasa." Ina da ƙuruciya a lokacin, sai maganar ta burge ni.

Daga baya ta daina burge ni. Teburin cin abincinmu ya koma wurin shanya ganye a tsakanin tsofaffin jaridu. Ban taɓa wanke wandonsa ban cire ƙaya ba. Duk bishiyar da ta fito a filin nan sai ya maƙala mata 'yar lambar ƙarfe, duk ƙarshen damina ya kwashi ɗalibai su auna kaurin kowace ɗaya, kamar masu awon jarirai a asibiti. Wata shekara iska ta kayar da wata babba, na ce a kawo min itacen tunda ta riga ta mutu. Ya dube ni kamar na ce a tone kabari. Wai gara da naman kaza suna da aikinsu a kanta, kuma ruɓewar ma cikin binciken take. Abokan karatunsa suka zama shugabannin tsangaya, wasu suka bar koyarwa suka yi motoci, shi yana nan da hular rana da igiyar awo. Ɗalibai suka sa masa Baba Ganye, ya ji, ko a jikinsa.

Amma ni ma ina da ido. Na ga jar ƙasar nan ta yi ciyawa, ciyawar ta yi ƙaya, ƙayar ta ba wa ƙananan bishiyoyi mafaka, har wurin ya rufe ya yi duhu. In ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi ya bugi fuskarka, ƙafarka tana nutsewa a cikin ruɓaɓɓen ganye. Ba na faɗa masa, amma nakan so raka shi.

Filin ya kusa shekara ashirin da kewayewa ya dawo gida wata rana da rawar baki. Ya ce wani ɗan tsiro ya fito a ƙarƙashin inuwar, wanda tun yana ɗalibi ake cewa ya ƙare a yankin, sai dai busasshensa a cikin akwatunan sashe. Ya ja ni na je na gani. Abin bai kai tafin hannu ba, ganye kore ta sama, ta ƙasa shuni, fure fari kamar maɓallin rigar jariri. Na ce, "Wannan ne?" Ya ce, "Wannan ne." Irinsa ya yi shekaru yana kwance a cikin ƙasa yana jiran inuwa. Yana da wani dogon suna na masana da harshena ya ƙi ɗauka, sai yaranmu suka sa masa Auta, muka koma kiranta kamar 'ya mace, autanmu na gaskiya kuwa ya yi ta mita wai an yi masa juyin mulki. Rabin abin da Malam ya rubuta a sauran rayuwarsa a kan Auta ne: wane ƙwaro ke ziyartar furenta, me ya raba ta da 'yan uwanta na kan duwatsu, yaya aka yi ta zama mai son duhu. Ya yawata nemanta a wasu wurare har takalmansa suka gaji, bai same ta ko'ina ba sai a filin nan.

Abin da ya hana shi barci a shekarun ƙarshe shi ne shingen. Wayar ta yi tsatsa, turakun sun ruɓe, awakin unguwar bayan rafi sun gano hanya. Ya yi zarya ofis-ofis har masinjoji suka san takunsa. Kowa ya ce masa ana dubawa. Shi da kansa yake zuwa da filaya da guntayen waya yana ɗinke ɓaraka, mutum mai shekara saba'in ba kaɗan, ga yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya.

Sai ritaya ta zo, jami'a ta shirya masa liyafar ban kwana. Sabon shugaban jami'ar mutum ne mai fara'a, mai son a ga ya yi abu. Bayan an gama jawabai ya miƙe da makirufo ya ce, "Baba, ka yi wa jami'ar nan hidima. Faɗi abu ɗaya da kake so mu yi maka, amma a taƙaice, don mun san ka." Aka yi dariya, don kowa ya san in aka tambayi Malam sunan ganye sai shayi ya huce. Ya miƙe, kunya ta kama shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, filin nan nawa na bayan sashe. In za a taimaka a gyara..."

Tafi ya ɓarke. Ina zaune kusa da shi, da kunnena na ji ya ƙarasa, "...shingensa." Ni kaɗai na ji. Shugaban ya ɗaga hannu ya ce, "An gama! Daraktan ayyuka, kana ina? Ka ji da kunnenka. A gyara wa Baba filinsa, gyara na gani na faɗa." Daraktan ya rusuna daga inda yake. Malam ya zauna bakinsa har kunne, ya matso ya raɗa min, "Kin gani, Malama? Ashe da baki ake roƙo a bainar jama'a."

Makon da ya biyo baya jami'a ta tafi dogon hutu, mu kuma muka tafi garin da babbar 'yarmu take aure don a yi masa aikin ido. Likitan ya kafa sharuɗɗa: ba sunkuyo, ba ƙura, ba ɓacin rai. 'Yar tamu ta ƙwace wayarsa ta ce sai ya warke. Ya zauna a falonta da baƙin tabarau yana lissafin irin wayar da ya kamata a saya, mai ƙananan ido ta ƙasa saboda 'yan awaki. Ranar da aka cire masa bandeji ya dubi labulen ɗakin ya ce ashe fure ne a jiki, shi duk zatonsa datti ne. Ya ce, "Bana zan ga jijiyoyin ganyen Auta ba tare da gilashi ba." Rabon da in gan shi cikin farin ciki irin wannan tun haihuwar jikanmu na fari.

Shugaban sashensu na yanzu ɗalibinsa ne, wanda muke kira Dogo. A filin nan ya yi duk digirorinsa, a teburina ya ci abinci ba adadi. Ya kira wayata sau ɗaya muna can, ya tambayi jikin Baba, muryarsa wani iri. Na ce, "Ya aikin shinge?" Ya ce, "Mama, an yi... an yi aiki. Sai kun dawo." Na ɗauka layi ne ba kyau.

Da muka dawo aka aiko mana da mota, wai za a yi bikin buɗe filin. Malam ya yi dariya ya ce yau ga shinge da biki. Ya sa manyan kaya, ya zura gilashin duba ganye a aljihu. Motar ta wuce wurin ajiye motoci, ta wuce tankin ruwa, sai na ga rafi. Abin da na fara lura da shi ke nan: daga nan ba a ganin rafi, shekara da shekaru bishiyoyi sun tare shi. Yanzu ga shi nan yana ƙyalli.

Shingen dai an yi shi, na ƙarfe, kore shar, da ƙofa mai ado. A cikinsa babu komai. An baje ƙasa sumul, an shimfiɗa ciyawar ado, an ja 'yan hanyoyi da duwatsu masu farin fenti. An jera bencina na siminti. An shuka irin dogayen bishiyoyin nan sirara marasa inuwa da ake sawa a ƙofar banki, layi-layi, kowace an ɗaure ta da sanda. A bakin ƙofa ga babban allo da sunan mijina, a ƙarƙashi an rubuta Lambun Kiyaye Tsirrai.

Malam bai fita daga motar nan da nan ba. Ya cire tabarau, ya rufe idon da aka yi wa aiki da tafin hannu, ya duba da ɗayan. Ya buɗe, ya sake dubawa. Sannan ya ce a hankali, "Direba, nan ne?" Direban ya ce, "Nan ne, Baba. Kai ma ba ka gane shi ba ko? Ai an zuba aiki."

Suka taho da fara'arsu, shugaban jami'a a gaba. Aka riƙo hannunsa, aka ba shi almakashi ya yanke jan ƙyallen da aka ɗaura a ƙofa. Daraktan ayyuka yana gefe yana ba da labari, gumi na zuba, mutumin kirki da shi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wurin nan ya zama daji sosai, sai da muka kawo katafila biyu. Macizai kuwa ba a magana. Har wasu 'yan ƙarafa muka yi ta samu a jikin itatuwan, ina jin aikin yara ne. Amma ko tsinke ba mu bari ba."

Malam ya ce, "Ƙasar saman fa? Baƙar nan mai laushi?"

"Mun cike ramin bayan ɗakin kwanan ɗalibai da ita, an zuba kwalta a kai. Ba abin da aka yi asara, Baba."

Aka miƙa masa makirufo. Mutumin da ba a iya tsayar da shi in ya fara magana ya tsaya yana kallon jama'a. Ya ce, "Na gode. An sha wahala." Ya mayar. Aka tafa, wani ya ce farin ciki ne ya hana Baba magana. Sannan aka kawo masa ɗaya daga cikin siraran bishiyoyin nan a leda wai ya dasa don tarihi. Na so ya jefar da ita. Ya durƙusa, duk da likita ya hana, ya yage ledar a hankali, ya warware saiwar da yatsa, ya daidaita zurfin ramin, ya danna ƙasa ta kowane gefe. Bai iya dasa abu da ganganci ba, ko da a ranar.

Ni kuwa na nemo Dogo a bayan rumfa, yana ɓoye tsawonsa a bayan masu rabon lemo. Na ce, "Kai ma tafawa kake yi?"

Ya ce, "Mama, wallahi ina wajen taro a ƙasar waje. Na dawo na tarar an gama. Na shiga ofishina na kulle ƙofa na yi kuka."

"Kukanka ya tsirar da me? Ka kasa ɗaga waya ka faɗa mana, ka bari a kawo shi cikin kaɗe-kaɗe?"

"An ce kada a ɓata masa rai saboda idon. Kuma shugaba ya riga ya gayyaci baƙi. In na ce kuskure aka yi, Mama, wa zan ce ya yi kuskuren? Cewa aka yi a gyara, suka gyara."

Gaskiya ya faɗa. A wurin darakta da ma'aikatansa, gyaran fili shi ne a share shi. Mijina ya yi shekara talatin da wani abu a tsakiyarsu, suna gaishe shi da girmamawa, ba wanda ya taɓa sanin cewa rashin taɓawar shi ne aikin. Suna ganin tsoho ne da aka ƙi taimaka wa har wurinsa ya zama kango. Na tsani wannan kalma tun daga ranar. Ko tela ya ce zai gyara min riga sai gabana ya faɗi.

A gida Malam bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya kwashe jaridun da ke kan teburin cin abinci ya kai ɗakin ajiya, teburin da na yi shekaru ina roƙo a ba ni, sai ga shi na samu, na kasa kallonsa. Yakan zauna a baranda da shayi har ya huce. In yara suka kira ya ce musu lafiya lau, ido ya yi kyau, yana ganin komai.

Sau ɗaya ya je wurin shugaban jami'a, ni na matsa masa. Ya roƙi a bar ko kusurwa ɗaya ta lambun, a daina yanka, a daina ban ruwa, a ga abin da zai fito. Shugaban ya saurare shi da ladabi, ya ba shi haƙuri da jin cewa akwai wani bincike a wurin, ya ce da an sani. Amma an riga an ba wani kamfani kwangilar kula da lambun, kuma yanzu duk baƙon da ya zo nan ake fara kai shi, ɗalibai ma nan suke ɗaukar hoto. Ya ce, "Sunanka ne a kai, Baba. Ba za mu bari ya sake lalacewa ba."

Da ruwan sama ya kankama sai ya fara cewa in raka shi. Ba ya shiga tsakiya, gefe-gefe yake bi, inda tsohon shingen yake, don ya ce a nan katafila ba ta ci ƙasa da zurfi ba. Yana tafe a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Wata safiya ya tsaya cak. 'Yan tsirrai uku ne a cikin ciyawar, kowane da ganye biyu. Ya juya ɗaya da farce, ƙasansa shuni. Ya kakkafa tsinke ya kewaye su da zare, ya nemo shugaban masu kula da lambun ya yi masa bayani dalla-dalla, mutumin ya yi ta cewa to, to. Da muka koma bayan kwana biyu babu tsinke, babu zare, babu tsirran. An canza ma'aikata, sababbin sun ga shara a kan ciyawa sun kwashe.

Na ce mu riƙa tonowa muna kaiwa gida. Ya ce ya gwada shekaru da yawa, a tukunya, a ɗakin gwaji, ba ta yi. Tana bukatar inuwar manyan bishiyoyi da wani abu da ke rayuwa a cikin ruɓaɓɓen ganyensu. Na ce, "To ko an bar ta a nan?" Ya ce, "Rani na zuwa rana za ta ƙone ta. Waɗannan ragowar irin da ke cikin ƙasa ne. Duk wanda ya tsiro, ya fita daga ajiya ke nan." Na gane abin da yake nufi: ba dawowa Auta take yi ba, ƙarewa take yi a gabanmu, ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka ya ci gaba da zuwa. Safiyar da nake son ba da labarinta, mun zauna a bencin ƙarshe na kusa da rafi, ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalmi, sai ya tsaya a haka. Tana nan a gindin bencin, a ɗan inuwar simintin, ita kaɗai, har ta yi ganye huɗu. Bai kira kowa ba. Ya ajiye ƙafa ɗaya ta damanta, ɗaya ta hagunta, ya ce in matso kaɗan in tare mata rana. Na matsa. Ya ciro gilashinsa, sai kuma ya mayar aljihu, ya ce ba ya bukata. Ya yi ta kallonta yana faɗa min abin da yake gani, gashin bakin ganyen, jijiyoyin, wani ɗan kumburi da ya ce toho ne. Muryarsa ta dawo irin ta da, har na fara jin haushin tsawon bayanin, na kuma gode wa Allah da jin haushin.

Sai injin yankan ciyawa ya tashi daga can bakin ƙofa. Mai tura shi magidanci ne cikin rigar kamfani, yana bin layi, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kowane zuwa yana matsowa. Na ce, "Malam, bari in je in yi masa magana." Ya ce, "Ki ce masa me? In ya bari yau, gobe wani ne." Na ce ko mene ne, ni ba zan tashi ba. Idonsa na ƙasa.

Mutumin ya iso. Ya rage ƙarar injin, ya cire hula, ya gaishe mu har da rusunawa, don ya san mai sunan da ke kan allo. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri, a ɗan ɗaga ƙafa."

Na ce, "Bawan Allah, mu ne ya kamata mu roƙi a ɗaga mana ƙafa. Ka tsallake nan, tafin hannu ɗaya ne."

Ya yi murmushin rashin fahimta, ya ce, "Mama, dubawa ake yi. In aka ga na bar wuri, ni za a kora."

Na buɗe baki zan ƙara magana, Malam ya dafa hannuna. Ya dubi mutumin, ya dubi ƙasa. Sannan ya kama gefen bencin da hannu biyu, ya ɗaga ƙafafunsa.